Rasuwar Sikelin Abdulgafar Mai Roba

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ni Abdulgafar mai roba na garin Faskari nake sanar da 'yan'uwa da abokan kasuwa rasuwar sikelina na rataye, wanda ya cika jiya Laraba da hantsi, bayan shekara tara muna tare.

Marigayin mai gaskiya ne, ba ya duban fuskar kowa. Duk wanda ke saro roba ya san ido maƙaryaci ne. Jarkoki goma sai su cika bayan babur kamar ka ɗauko ɗaki, alhali iska ce a cikinsu. Baho hamsin kuwa, in an cusa su cikin juna, ɗan ƙulli ne a ido, amma a kan taya dutse ne. Marigayin ne ke raba mini wannan gardama. In na rataya ɗauri sai ya yi "ƙiii", ya tsaya inda gaskiya take. Da an haura kilo saba'in sai ya ƙara da "ƙat", ni kuma in rage kaya ina ƙunƙuni.

Kada wani ya ɗauka tausayin babur ne. Wanda ya san hanyarmu ya san akwai inda ba a so gudu ya ragu, balle taya ta fashe. Bara, ina dawowa daga Ƙanƙara, sai da marigayin ya sa na bar dozin uku na bokitai a wurin dila. Ranar na hango wasu a bakin daji waɗanda ba gaisuwa ta fito da su ba. Babur ya amsa mini yadda nake so. Har yau in na tuna dozin ukun nan, sai in sa wa marigayin albarka.

Ajalinsa ya zo ta hannun ƙanin matata, Harisu, wanda ya are shi ya rataya masa buhun masara cikakke, wai yana so ya ga ko an cuce shi a mudu. Tun daga nan marigayin ya fara cewa komai kilo sha biyu ne, ko kofi ko randa. Mai gyara ya buɗe cikinsa, ya girgiza kai. Na yafe wa Harisu a baki, zuciya tana nan tafe.

Ya rasu ya bar ƙugiya ɗaya, igiya mai ƙulli huɗu, tsohon babur, da ni. Magajinsa da na aika a sayo daga Funtuwa sai mako mai zuwa. Ga shi na yi wa Hajiya Baraka alkawarin kai mata robobin rabon bikin ɗanta can garin Sabuwa jibi Asabar, kuma biki ba ya jiran sikeli. Tun safe nake ɗaga ɗauri da hannu ina ajiyewa. Wallahi tsoro nake ji, kowanne na ɗaga sai in ji kamar shi ne zai tsayar da ni a inda ba a tsayawa.

Za a yi jana'iza gobe Juma'a bayan an sauko daga masallaci, a bayan shagona. 'Yan gwangwan kada su wahalar da kansu, ba za a sayar da gawar ba. Masu zuwa daga Ruwan Godiya su kama hanyar gida kafin la'asar. Zaman makoki a ƙofar gidana, kuma ina roƙon kada a naɗe tabarmi ranar Asabar sai an ga na dawo.