Harsashin Malam Kalilu

Duk ƙasar Daura babu wanda ya kai Malam Kalilu sanin sirri, shi da kansa ya faɗa. Shi ne mai nazarin bayanan tsaro na wata ƙaramar hukuma, mutane na kiransa Gani-Har-Hanji. Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a aka ba shi ofis da kwamfuta da janareto. Janareton dai ya ɓace, kuma bincikensa mai zurfi ya tabbatar 'yan fasa-ƙwauri ne suka tsallaka da shi Nijar.

Aikinsa mai sauƙi ne ga mai ilimi. Masu kai masa rahoto su kawo abin da suka ji a tasha, shi ya zuba wa kwamfuta, ita ta ja jan layi a ƙarƙashin kalmomin haɗari. Suna kuwa ba a rubutawa. "Suna na jahilai ne," in ji shi. "Mu lamba muke ba mutum."

Shekara bakwai bai kama ko ɓera ba. Sai ga takarda daga Katsina: kwamitin sa ido zai zo ya duba ko ofishin na da amfani, in babu a rufe. Hankalin Malam ya tashi ƙwarai.

Ana gobe za su zo, Maliki mai acaɓa ya kawo rahoto. Ya ji wani yana waya: "Mun gama zuba harsashi, a turo buhu arba'in kafin Juma'a." Har ya bi mutumin ya ga wurin. Kwamfuta ta ja layi ja wur. Malam ya yi hamdala, ya raɗa wa mutumin Lamba Ɗaya.

"Ranku ya daɗe," ya ce wa kwamiti, "da ba don idona ba, da Juma'ar nan sai dai labari. Kwamfuta ba ta ƙarya, ni ma haka."

Aka ɗunguma, Maliki a gaba, 'yan sanda a baya. Da aka hau hanyar Kongolam Malam ya fara tari. Da aka karya kwana ya ce nazari ya nuna gara a dawo gobe. Ina! Bakin alƙalami ya bushe.

Aka tarar da Lamba Ɗaya tsaye cikin rami, cebur a hannu. Ɗantsoho magini ne. Harsashin kuwa na gini ne, ɗaki goma sha biyu da falo.

"A'a, Maigida!" in ji Ɗantsoho. "Da kanka? To ina simintin? Ga janareton da ka kawo can yana ja mana ruwa, bai taɓa ba mu matsala ba."

Shugaban kwamiti ya duƙa ya karanta hatimin hukuma a jikin janareton, ya ciro biro.

Rahoton kwamiti ya yi wa Malam adalci. An rubuta cewa a shekara bakwai ofishin ya gano ɓarawo guda, kuma tunda ya gano shi, aikinsa ya ƙare.