Injiniya Ba Ya Saka Manhajar Gida

Duk makarantar nan babu wanda ya kai Injiniya sanin kwamfuta, kuma daga bakinsa muka ji. Akawu aka ɗauke shi, amma tun da ya halarci bitar kwamfuta ta yini ɗaya ya daina amsa sunan. Ya rataya filashin ajiye bayanai a wuya kamar lambar yabo. Ko tambayarsa lokaci ka yi, sai ya gyara tabarau ya ce, "Abin yana da zurfi."

Ranar jarrabawa da safe, kwamfutar ofis, wadda ita kaɗai ke haɗe da firinta, ta ɗan yi nauyi. Shugabar makaranta ta roƙe shi ya buga tambayoyin tukuna.

"Hajiya, likita ba ya sa mara lafiya dako," in ji Injiniya. Nan take ya goge komai, ya hau ɗora sabuwar manhaja.

Kwamfuta ta tambaya: bugun gida, ko na ƙwararru? Lambar buɗe manhajar da aka sayo ta bugun gida ce, ga shi a rubuce ɓaro-ɓaro a jikin kwalin. Injiniya ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Ni? Na gida? A gaban jama'a?"

Ya danna na ƙwararru, ya zuba lambar da yatsa ɗaya, a hankali, don masu kallo su ƙaru. Kwamfuta ta ce lambar ba ta wannan bugun ba ce.

Ya sake zubawa. Ya hura madannai. Ya sa aka kashe fanka, wai iska na kaɗa lambobin. Ya kori malamin lissafi daga bayansa, wai idonsa na da nauyi. Kowane karo saƙon ya fito, sai ya faɗaɗa kafaɗa ya kare shi.

"Injiniya, ko za mu gwada ɗayan?" Shugaba ta tambaya, tana duban agogo.

"Hajiya, mutum kan rasa komai, ban da matsayi. Na'urar ce ba ta saba da manyan hannu ba."

Aka kaɗa ƙararrawa. Yara suka zauna, kowa da bironsa, babu takarda ko ɗaya. Shugaba ba ta ɗaga murya ba. Ta tattara tambayoyin da malamai suka rubuto da hannu, ta miƙa masa, ta ɗora kwalin alli a kai, ta nuna masa hanyar azuzuwa.

Kafin azahar ƙwararren namu ya yi fari fat har gira, yana ɗage a jikin allo. Ya juyo zai yi wa yara bayanin cewa wannan ma wata fasaha ce. Wata yarinya a layin baya ta ɗaga hannu.

"Malam akawu, ɗan matsa. Kanka ya kare tambaya ta uku."