Akwatin da Ba Shi da A'a

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da tsufa ya kwashe mini sauran abubuwa, da ranar da wayar hannu ta tona mini asiri a gaban telolin unguwarmu. Yanzu in ina ba da labarin dariya nake har da hawaye, amma a ranar ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige da ni da hulata.

Ni tela ne, shagona yana Ƙofar Marusa a Katsina, kuma bokona bai wuce firamare ba. Ɗiyata ta fari sunan mahaifiyata ta ci, sai kunya biyu ta haɗe mini a kanta, ta ɗan fari da ta sunan uwa. 'Yan gida Ummi suke ce mata. Ni ko hakan ban iya ba, "ke" nake cewa, in kuma da uwarta nake magana in ce "waccan taki". Haka muka tarar da iyayenmu, amma ni na zarce su. Da ta yi karatun kwamfuta ta fara haɗa manhajar waya, duk wanda ya tambaye ni me take yi sai in ce wasa da waya. Ranar da ta kawo mini takardar gama karatu, "to" kawai na ce, ban ma ɗaga ƙafa daga keken ɗinki ba. (Allah Ya yafe mini, a zuciya rawa nake kamar an ba ni kujerar Makka.)

To, sai ta haɗa wata manhaja don teloli. Tana ajiye awon mutum da ranar da aka yi masa alkawari. Abin da ya fi burge ni shi ne wani ɗan akwati da ke faɗowa a fuskar waya in tela ya karɓi ɗinkin da ya fi ƙarfinsa gab da Sallah, ya tambaye shi ko ya tabbata. Duk wanda ya taɓa ɓuya a bayan shago ranar jajibiri ya san amfanin wannan akwati. Ƙungiyarmu ta teloli ta yarda ta zo ta nuna. In suka karɓa, shi ne aikinta na farko, kuma duk shagunan ƙungiya za su sa. In suka ƙi, ta koma gida ta ci gaba da abin da ubanta ke kira wasa.

Ana saura kwanaki a yi taron ƙungiyar ta zo shago da wayar gwaji, ta durƙusa ta gaishe ni, ta ce Hausar da ta sa a akwatunan ta 'yan makaranta ce, tana so in mayar da ita irin wadda teloli ke ji. Ta nuna mini wurin rubuta kan magana, da wurin saƙon, da maɓallai biyu na ƙasa, da inda ake canza launi. Ta kuma nuna mini wani ɗan wuri da in aka danna, akwatin ba zai kauce ba sai mutum ya zaɓi ɗaya daga cikin maɓallan. Ta ja mini kunne cewa kowane akwati a bar masa A'a, don mutum ya sami hanyar fita. Na ce mata na ji, ai ba yau na fara ganin waya ba.

Aikin na yi shi da kyau, kada a ci haƙƙina. Inda ta rubuta "Shin kana son ci gaba?" na mayar da shi "Malam, hannunka nawa?" Sai bayan azahar aka ɗauke wuta, shago ya yi tsit, ga ni ga waya, ba kowa. Na buɗe sabon akwati don in gwada hannuna. A kan maganar na rubuta cikakken sunanta, wanda bakina bai taɓa furtawa ba. Da na ga sunan ya zauna a fuskar waya bai cije ni ba, sai abin ya kwance mini. Na rubuta cewa wannan yarinya ta fi duk 'ya'yan Katsina basira, daga Ƙofar Kaura har Batagarawa ba kamarta, wanda bai yarda ba ya je ya haifi tasa. Na sa launi ruwan zinari. Da na zo kan maɓallai na duba A'a, na ga ba ta da wurin zama a wannan magana, na goge ta. Ɗaya na rubuta "Haka ne", ɗayan "Ƙwarai kuwa". Na danna wurin nan na dole. Na yi ta buɗe shi ina amsa wa kaina ina ƙyalƙyala dariya ni kaɗai kamar mahaukaci sabon kamu. Da aka kawo wuta na danna kibiyar komawa baya, wurin rubuta akwatin ya ɓace, na ɗauka shi ke nan ya goge. Ashe tun tuni na danna Ajiye, kuma na liƙa shi a wurin da ake adana awo.

Ranar taro aka shimfiɗa tabarmi a zauren shugaban ƙungiya, Alhaji Mamman, mutumin da ko zare ka saya masa sai ya ja ya ga ƙarfinsa. Aka haɗa wayar da majigi, komai na fitowa a bango ƙato-ƙato. Ni na zauna can baya kusa da takalma, ina nuna kamar ban san mai bayanin ba. Ta yi bayani tsaf. Da "Malam, hannunka nawa?" ya faɗo, zaure ya kwashe da dariya, aka fara nuna juna. Alhaji Mamman da kansa ya ce a ba shi wayar ya gwada. Ya sa awon wuya, ya sa na hannu, ya danna adanawa.

Sai bango ya koma ruwan zinari.

Alhaji ya gyara tabarau, ya karanta da ƙarfi tun daga sunan har zuwa "ya je ya haifi tasa". Ya taɓa gefen akwatin, bai kauce ba. Ya nemi hanyar fita, babu. Ya juya wayar, ya girgiza ta. Ummi ta tsaya kamar an dasa ta, ta ce wallahi ba ta san da wannan ba. Wani daga gefe ya ce ai dama yaran yanzu haka suke, tun ba a yabe su ba sun yabi kansu. Wani ya ce in manhaja tana tilasta wa mutum ya amsa abin da bai yi niyya ba, gobe me za ta sa shi ya amsa? Na ga Alhaji ya ajiye wayar a kan tabarma, ya fara tura ta gefe da ɗan yatsa, na kuma ga idon yarinyar ya kawo ruwa. Ba ta dube ni ba. Ta san wa ta ba wayar, amma ta gwammace a ce ita ce.

Ban san lokacin da na miƙe ba, har na taka takalmin wani. Na ce, "Alhaji, ni na rubuta."

Ya ce, "Kai ka rubuta mi?"

"Duka. Har launin."

"Har sunan? Kai da ko a ɗaurin aure aka ambace ta sai ka duƙar da kai?"

Na ce har sunan.

Sai zauren ya fashe da dariya. Malam Sani, abokina tun muna koyon ɗinki, ya kwanta a tabarma yana riƙe da ciki, yana cewa a sake karantawa bai ji wajen Batagarawa ba. Wani ya ce shi ɗiya uku gare shi, yana neman bayani a kan "ya je ya haifi tasa". Ni kuwa ina tsaye, gumi ya jiƙa mini hula, na rasa inda zan sa idona, sai na kafa shi a kan fanka.

Alhaji ya share hawayen dariya, ya tambayi Ummi ko kowane tela zai iya rubuta abin da yake so a akwatin nan kamar yadda tsohonta ya yi. Ta ce zai iya, amma za ta gyara yadda A'a ba za ta ƙara gogewa ba. Ya ce in har wannan mutumin ya iya sarrafa ta shi kaɗai ba malami, to ba telan da za ta gagara. Ya ɗauki wayar, ya dubi maɓallan biyu ya daɗe, ya ce tunda an toshe masa duk ƙofofi bari ya zaɓi babbar. Ya danna "Ƙwarai kuwa". Aka karɓi manhajar a zaman.

A hanyar gida tana bayana da 'yan taku. Da muka kai ƙofar gida ta ce a hankali, "Baba, in goge shi?" Na ce ta goge mana, me ake da shirme. Uwarta ta gaya mini daga baya cewa ta goge, amma sai da ta ɗauki hotonsa.

Har yau in na ratsa kasuwa sai wani ya ɗaga murya daga cikin shago ya tambaye ni haka ne ko ƙwarai kuwa, in yi kamar ban ji ba. Abin da na koya da furfurata shi ne, yabon da ka hana ɗanka a tsakar gida, inda daga kai sai shi sai kaji, ba ya ruɓewa a ciki. Yana nan yana jiran ranar da za a haɗa majigi.