Mun Gasa Bulo, Sun Canza Shawara

Jama'a, da ɗingishi na zo muku yau. Jan bulo ne ya faɗo mini a babban yatsa ranar Talata, a tsakiyar ofishin gunduma, a gaban Mai Girma Sarkin Tsare-tsare. Ni na ɗauko bulon daga ƙauye a bayan keke don in nuna masa. Maganar da ya faɗa ce ta sa hannuna ya saki.

Shekara uku ke nan da aka tara mu a gindin mangwaro aka ce mulki ya sauko hannun talaka, mu faɗi abin da muke so. Muka ce ɗaki a gefen asibiti, inda masu ciki za su zauna jiran haihuwa, domin da zarar damina ta kankama kogi yakan raba mu da ungozoma. Aka tafa mana. Aka ce a bisa tsari, bulo da yashi namu ne, siminti da kwano nasu.

Muka kwaɓa ƙasa har bayanmu ya sankare. Muka sare itatuwan bakin rafi muka gasa bulo. Takardarmu kuwa ta tafi kwamitin ƙauye, ta huta, ta wuce kwamitin yanki, ta yi barci, sannan ta isa gunduma. Allah ya saka musu, ba su taɓa gaggauta ta ba.

To, Tiyamike matar ɗana tana da ciki, Janairu za ta haihu, tsakiyar damina ke nan a ƙasarmu, lokacin da kogin ke cin shanu. Tsoro nake ji, ba zan ɓoye muku ba. Shi ya kai ni ofis.

Na ce, “Ranka ya daɗe, ga bulonmu, har ciyawa ta tsiro a kansa. Ina siminti?”

Ya dubi bulon kamar na ajiye masa mushen ɓera. “Bambo Kamwendo, wa ya ce ku gasa?”

“Ku, Yallaɓai.”

“Wancan tsohon tsari ne. Yanzu ci gaba mai ɗorewa ake yi. Jan bulo yana cinye daji, bulon siminti kawai muke karɓa. Ku koma gindin mangwaro ku sake nema.”

“Yallaɓai, mangwaron ma da shi muka gasa.”

Bai yi dariya ba. Ya ba ni dashen itace guda biyu a leda, ya ce in shuka, a ɗauki hoto. Gaskiyarsa dai game da daji, ban musa ba. Sai dai da an faɗa mana tun itatuwan suna tsaye, da an kyauta.

Da na koma, maƙwabciyata Mayi Nasibeko tana tuƙa nsima, tuwonmu na masara. Ta saurare ni har ƙarshe, ta ce, “Sai ka je ka gaya wa jikan naka ya dakata a ciki har kwamiti ya zauna. Kai dai da furfurarka, keke kawai ka iya tuƙawa! Tambaya ɗaya: rumbun masara yana bukatar hatimin gunduma?”

Na ce, “A'a.”

“To me kuke jira?”

Jiya muka fara gini a bayan asibiti, da laka a madadin siminti, da ciyawa a madadin kwano. Rumbu ne mai taga biyu, da ƙofar da mace za ta shiga ba sunkuyo, da wurin gado huɗu. Mai gari ya zo ya zagaya, ya ce shi bai taɓa ganin rumbu mai kyau haka ba, ya tafi abinsa.

Saboda haka, masu karatu, idan kun biyo ta wajenmu a watan Janairu kuka ji masara tana kuka, don Allah ku wuce kawai. Kada a wahalar da manya da rahoto.