Uwar Tattara a Kwanon Inna Baiwa

Akwai wata cuta da ta yawaita a zamaninmu: mutum ya koyi abu guda, sai ya ɗauka duniya shi take jira. Ba za mu sa Hajiya Riskuwa ta unguwar Gesse cikin masu wannan cuta ba, domin ita da bakinta ta shaida mana cewa ta fi ƙarfinsu.

Wannan baiwar Allah ce ta gano cewa tun zamanin kakanni wuyan hannun matan Kabi tsirara yake yawo. Ta ɗauki kwarashi da zaren ulu, ta saƙa masa sutura mai tattara hawa uku, ta jera duwatsun ado a bakin kowane hawa. Ulu ne, a Birnin Kebbi, da tsakar rana. Amma zufa, in ji ta, alamar wayewa ce. Maƙwabta suka laƙaba mata Uwar Tattara. Ta karɓa a matsayin sarauta.

Da mata masu sana'ar hannu na Argungu suka tashi zaɓen wadda za a ba rumfar gaba a bikin kamun kifi, Hajiya ta tafi karɓar abin da ta riga ta ba kanta. Hukuncin yana hannun shugabarsu, tsohuwa Inna Baiwa, wadda ba ta yanke magana sai an ci tuwo da ita kwano ɗaya.

Aka kawo tuwon shinkafa da miyar kuɓewa da kifi.

"Ɗiyata, tuɓe abin ga ki wanke hannu," in ji Inna.

"Haba Inna, wanga ado ba a tuɓe shi gaban jama'a. Shi ka bambanta mace da sauran mata."

Hankali ya tabbatar cewa tattara hawa uku tana riga yatsu isa kwano. Hawa na farko ya sha miya, na biyu ya ɗauko ƙaya. Hajiya ta fizge hannu cikin ƙasaita, zare ya tsinke, duwatsu suka nutse cikin yauƙi. Ta ci gaba da cin tuwonta, domin manya ba sa shelar asara. Inna ta kai loma. Aka ji ƙas! Haƙorin taunarta na ƙarshe ke nan.

Rumfar ta tafi hannun wata. Sai dai adalci ya wajabta mu faɗa cewa saƙar ta karɓu: da ita matan Argungu ke sauke tukunya daga murhu. Hajiya kuwa ta sami bambancin da take nema. Duk gidan bikin da ta je, kwanonta daban, da cokali, nesa da tsofaffi.