Keken Kaka Ba Sarƙa

"Lafiya lau na kwana, tunda ba girkinki na ci ba."

Haka Kaka ya amsa gaisuwar jikarsa, ko saukowa daga kan keke bai yi ba. Keken kuwa yana jingine da bangon baranda, ba sarƙa. 'Ya'yansa ne suka cire ta tun ranar da wata mota ta goge shi a babban titi, ta watsa shi cikin kwata. Amma tsoho da kafiya! Kullum da safe sai ya hau, ya dafa bango, ya yi ta murza feda a banza. Kewar titi ke cinsa, ga kewar amininsa da suka yi aikin masaƙa tare, yana can kwance ba lafiya a ƙetaren titin.

Jikar, tela ce, ta jingine nata keken ta cire hular kwano.

"Sannu matafiyi! Yau wace ƙasa aka kai?"

"Na wuce garin marasa kunya, na ga danginki suna gaishe ki."

"Ai dangin naka ne. A rage gudu dai, kar bango ya gaji."

"Ji mai yawo da tukunya a ka! Ni da nake tuƙi hannu a aljihu?"

"Shi ya sa aka tsamo ka daga kwata, takalmi ɗaya."

"Kwatar ce ta taso ta same ni! Ke dai sato min sarƙata a ɗakin ubanki, in fasa sakinki."

"Sake ni mana, in huta da mijin da ba haƙori. In abokinka kake son gani, ga mota."

Sai feda ta tsaya. Kaka ya daɗe yana kallon ƙofa.

"Tun muna samari a kan keke nake zuwar masa. Ya ga an sauko da ni daga mota kamar buhu, ai sai ya ce ni ma tawa ta ƙare. Da can titin nan namu ne, mu jera muna hira har masaƙa. Yanzu an faɗaɗa shi, ba a bar mana ko faɗin tabarma ba. Wallahi ina kewarsa."

Tausayi ya kama ta, amma ta ƙi nunawa.

"To share hawaye, angon kwata. Ran Asabar mu masu keke za mu fita gaba ɗaya zuwa ofishin hukuma, mu nemi a ware mana hanyarmu a gefen titi. Ta ƙofar abokinka za mu bi. Ni zan shawo kan Baba ya mayar maka da sarƙarka. A tsakiya za mu saka ka, mota ba ta isa ta taɓa ka ba."

"Tsakiya? Ni? Gaba zan shiga!"

"Tsakiya, kuma da tukunya a ka. In ba haka ba, ka ci gaba da zaga duniya a baranda."

Kaka ya tuntsire da dariya har keken ya yi tangaɗi.

"Na yarda, ja'ira, kin ci." Ya sauko a hankali, ya riƙo hannunta. "In kin tashi daga shago ki biya ki gaya masa ya jira ni Asabar. Kar ya yi min halin nasa. Ko'ina za mu, shi yake riga ni tafiya."