Hannun Motsamai da Sabuwar Libarba

"Lafiya lau muka tashi, motswala. Ina amaryar taka? Ko yau ma daga cikin akwati za ta gaishe mu?"

Da wannan Nthatisi ta tari Motsamai tun bai rufe ƙofar mota ba. Mahaifinsa da mahaifiyarta ciki ɗaya suka fito, abokan wasa ke nan, abin da muke ce wa motswala, saboda haka shekara sittin ke nan suna cin mutuncin juna babu mai raba su. Safiyar Asabar ce, a filin harbin ƙungiyarmu da ke gindin dutse bayan garin Ficksburg. Ni, da suke kira Ntate Mphuthi, wato Baba Mphuthi, nake tsaron layin harbi: ni ke cewa a harba, ni ke cewa a ajiye.

Amaryar kuwa libarba ce, bindigar hannu tsohuwar ƙira, baƙa wuluk mai mariƙin katako, irin wadda aka daina yi tun muna samari. Shekara tara Motsamai yana bin Oom Faan, wani tsohon ɗan ƙungiyarmu, ya sayar masa. Da tsohon ya gaji ya sallama, sai ta ƙara wata goma sha ɗaya a kulle a shagon dillali ana jiran lasisi. Ran da ya kawo ta, duk 'yan ƙungiya muka hallara, har waɗanda suka daina gaisawa. Ya harba shida. Ko ɗaya bai taɓa takardar da ake auna ba, duk ƙasa suka tona a gaban allo. Asabar ta biyu ma haka. Ta uku bai zo ba.

Kowa ya san abin da ke ransa. A irin waɗannan shekarun ne rawar hannu ta kama mahaifinsa, Ntate Lebenya, har ya kai sai an riƙe masa kofin shayi. Ƙa'idarmu kuma a fili take: wanda ba ya iya tsayar da bakin bindiga ba ya hawa layi, wanda ba ya hawa layi ƙungiya ba ta ba shi takardar shaida, in babu takarda kuwa lasisi ya tafi, bindiga ta bi shi. Ni ne zan furta hukuncin. Tun Laraba nake roƙon Allah ya aiko ruwan sama ranar Asabar.

"Amaryata ba ta fitowa gaban tsofaffi," in ji Motsamai. "Tsoron baki take."

"Tsohuwar da ta ba ka wata huɗu kacal. Manomin bayan dutse fa yana cigiyarka. Ya ce rami goma sha biyu ka haƙa masa kyauta, iri kawai ya rage ya zuba."

"Gara ni ƙasa nake harbi. Ke shekara talatin kina caka wa mutane allura a asibiti, rabin maƙabartar garin nan aikin hannunki ne."

"Kai kaɗai ka kuɓuce mini, har yau ina takaici."

A nan ya kamata ya rama, amma bai rama ba. Ya aza akwatin a kan tebur bai buɗe ba, ya ja ni gefe. A hankali ya ce ya zo ne ya mayar wa Oom Faan kayansa tun da ƙafarsa, kafin ya sa ni faɗin abin da ba na so. Ya ce yanzu ko cokali ya ɗauka sai ya tsaya yana kallon hannunsa. Oom Faan, da ke juya nama a kan garwashi can gefe, ya mayar da kansa kurma.

Nthatisi kam kunnenta lafiya lau. Ta tambaye shi ko shayi na zuba masa, ya ce a'a. Wa ke ɓalla masa maɓallin riga? Shi da kansa. Ta ce ya miƙo hannun ta gani.

"Ba na miƙa wa mahauciya hannuna."

"To juya bayanka. Ntate Mphuthi, ka ba ni izini in ɗura masa."

Na ba ta. Ina kallo ta buɗe gangar mai rami shida, ta sa harsashi ɗaya tak, ta bar biyar wayam, ta rufe, ta ajiye bakin yana duban dutse. Tsohuwar dabara ce da muke yi wa sababbin shiga don mu ga abin da hannu ke yi idan babu ƙara da hayaƙin da za su rufa masa asiri. Bai taɓa zuwa ran ɗayanmu ba mu yi wa mutumin da ya shekara talatin a layi, ko da yake duk shekarun nan 'yar ƙaramar bindiga yake riƙewa, wadda ƙararta ba ta fi ta tafi ba.

"Shida na zuba maka," ta ce masa ba ko ƙifta ido. "Manomi yana jira."

Muka toshe kunnuwa. Har masu gashin nama suka bar wuta suka matso. Na tsaya a bayan kafaɗarsa, idona a kan bakin bindigar. Ya ɗaga. Na ƙirga ɗaya, biyu, har biyar. Bakin yana tsaye cak kamar an kafe shi da ƙusa. Ya fara jan kunama, sai ga ido ya rufe, kafaɗa ta ɗage, bakin bindiga ya yi sujada.

Ƙyas.

Ya buɗe ido yana duban abin da ke hannunsa. Ta ce ya sake. Ya sake: tsayuwa cak, rufe ido, sujada, ƙyas.

"Ka gani?" in ji Nthatisi, wannan karon babu dariya a muryarta. "Ni na yi jinyar malome, babanka. Nasa hannun ba ya jiran kunama, dare da rana yake abinsa. Naka kuwa lafiya lau yake sai lokacin da ya san bindiga za ta yi shuri. Ba ciwo ba ne, motswala. Tsoronta kake ji."

"A gaban mutane kike kirana matsoraci?"

"Da za a ara mini lasifika ma."

Ya juyo gare ni. "Ntate Mphuthi, tsakaninka da Allah, me ka gani?"

Na ce matsoraci na gani, cikakke, kuma babu inda ƙa'idarmu ta hana matsoraci hawa layi, in ba haka ba da tuni mun rufe ƙofa. Sai ga kurman nan ya warke. Oom Faan ya taho da cokalin gashin nama a hannu, ya ce tunda abin ya zama na tonon asiri, shi ma sau uku kacal ya harba ta a rayuwarsa, shekara taran da ya yi yana ƙin sayarwa kuwa kunya ce kawai, kada wani ya gano. Daga nan kowa ya shiga ba da labarin ranar da tasa ta ba shi tsoro, har da masu rantsuwar ba su taɓa ƙifta ido ba.

Motsamai ya koma layi. Ƙyas, ƙyas, tun yana rufe ido har ya fara mantawa. Harsashin ya tashi bai shirya masa ba, ya huda takarda can gefen hagu, wurin da a wata ranar da ba'a za mu yi masa. Yau tafi muka yi.

Ya ajiye bindigar, ya zauna a benci yana dariya yana share ido da hula. Nthatisi ta ce duk da haka ranar Litinin da ƙafarta za ta kai shi likita ya duba hannun, don kada ya mutu ya bar ta babu abokin zagi.

"Na yarda," in ji shi. "Ki gaya wa dangi har na Maseru, matsoraci ne." Ya tura mata kwalin harsasai da libarbar. "Ga ladanki. Cika shida ki nuna mana yadda jarumai ke yi."

Ta dubi bindigar, ta dubi Oom Faan, ta kama murza wuyan hannunta.

"Ba yau ba. Tun jiya nake jin sanyi a nan."

Motsamai ya kalle ni, ya gyara hularsa.

"Ashe dai tsoron a dangi yake."